Shari'ar Gona: Dole Ne Alƙali Ya Bi Hukuncin Da Aka Yi Wa Wani?

Wani bawan Allah daga ƙasar Ringim ya aiko da tambaya. Sun yi shari'a da maƙwabcinsa a Babbar Kotun Shari'ar Musulunci kan gonar da mahaifinsa ya daɗe yana nomawa, aka ba maƙwabcin. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, bara an yi makamanciyar shari'ar a wani gari kusa da su, kuma wanda ke noma gonar ne ya yi nasara. Ya ce, ashe ba dole ba ne alƙali ya bi wancan hukuncin?

Malam, Allah ya ba ka haƙuri, rabuwa da gonar uba akwai ciwo. Amma amsar ita ce a'a. A tsarin kotunan da Najeriya ta gada daga Ingila, hukuncin da ke ɗaure alƙali shi ne na kotun da ke samansa. Abin da Kotun Ƙoli ta yanke ya hau kan kowa, sai na Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai na Babbar Kotun Jiha. Alƙalin garinku da na wancan garin tsaran juna ne. Yana iya duba hukuncin ɗan'uwansa ya ƙaru da shi, in kuma bai gamsu ba ya ajiye.

Ko hukuncin Kotun Ƙolin ma, ba duk abin da aka rubuta a ciki ake bi ba. Abin da ake ɗauka shi ne dalilin da aka gina hukuncin a kansa. Maganganun da alƙali ya yi a gefe ana girmama su, amma ba su tilasta kowa. Sannan sai tushen shari'o'in biyu ya zo ɗaya, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mai yiwuwa mutumin wancan garin sayen gonarsa ya yi, ya kawo shaidun ciniki. Idan kai kuma maƙwabcinka ya kawo shaidu cewa aro aka ba mahaifinka ko jingina, shari'arku ta bambanta tun daga tushe, domin daɗewa ana noma ba ta mayar da aro mallaka. Wannan ne abu na farko da zan nema a takardun shari'arka.

Akwai hukuncin baya da ya shafe ka kai tsaye, kuma na fi so ka riƙe shi. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya iyakance hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. A shari'ar Magaji da Matari ta 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa rikicin mallakar ƙasa zalla ba hurumin wannan kotun ba ne. Don haka idan taku ba ta rabon gado ko makamancinsa ba ce, Babbar Kotun Jihar Jigawa za ka nufa don ɗaukaka ƙara. Abin takaici ne manomi ya sayar da hatsinsa da awakinsa, ya yi nasara a kotun da ba ta da hurumi, daga baya a rushe komai.

Kotun Ƙoli kan warware hukuncinta da kanta. A shari'ar Adisa da Oyinwola, ita ma ta 2000, ta bar matsayinta na baya, ta ce Babbar Kotun Jiha tana da hurumin sauraron shari'ar filayen karkara. Shi ya sa lauyanka zai bincika ko hukuncin da zai dogara da shi yana nan daram.

Yanzu abin yi: ka je wurin rajistaran kotu cikin makon nan ka nemi kwafin shari'ar. Wa'adin ɗaukaka ƙara galibi kwana 30 ne, in ya wuce sai an roƙi kotu ƙarin lokaci tare da dalili mai ƙarfi. Lauya zai duba ko an saurari shaidunka, ko an yi maka i'izari kafin hukunci (wato alƙali ya ba ka damar ƙarshe ta kawo wata hujja), ko an yi la'akari da hauzi (wato daɗewar gona a hannun mutum ba tare da an yi masa jayayya ba). Ya kuma nemi a dakatar da zartar da hukuncin. Idan kuɗin lauya ya gagara, ka tuntuɓi ofishin hukumar tallafin shari'a ta tarayya da ke Dutse. Kafin nan, don Allah kada kai ko 'ya'yanka ku shiga gonar da sunan shara ko shuka, don kada shari'ar gona ta koma ta laifi.