Fim ɗin baƙon da ya kama hayar ɗaki a Washington

Malam, ka ce kana cigiyar wani tsohon fim mai baƙi da fari, inda wani halitta ya sauko daga sararin samaniya da ƙaton mutum-mutumi, ya saje da mutane. Ai The Day the Earth Stood Still ne, na 1951, wanda Robert Wise ya ba da umarni.

Baƙon sunansa Klaatu. Saukarsa ke da wuya a Washington wani soja ya harbe shi. Ya sulale daga asibiti, ya ari sunan Carpenter, ya kama ɗaki a gidan haya. Ni a nan fim ɗin ya fi kama ni, yana zaune ana karin kumallo, 'yan gidan suna ta tsegumin "dodon" da ke gefensu. Daga baya ya ɗauke wutar lantarkin duniya na minti 30, ban da asibitoci da jiragen da ke sama, gargaɗi kan makaman nukiliya.

Kada a haɗa ka da na 2008 da jarumi Keanu Reeves ya fito a ciki, wannan tsohon ne aka sake shiryawa da sunansa, amma labarin ya sauya sosai. In kuma don aikin makaranta kake nema, tuntuɓi malamin nazarin fina-finai kan zamanin yaƙin cacar baka.