Saɓa ya yi, kada ka zubar da ɓawon

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun da asuba. Ka ce ka sayo wa yaronka jan kirefish, ɗan halittar ruwan nan mai ɓawo, dangin ƙaguwa, kwana uku ya ƙi abinci ya lafe bayan dutse, yau kuma ka tashi ka tarar da abu kamar gawarsa a ƙasan tanki, alhali ga shi can a lungu yana motsi. Kana so ka san ko ciwo ne, ko ka tsame abin ka canja ruwa gaba ɗaya.

Kwantar da hankalinka, saɓa ya yi, irin ta maciji. Ɓawon jikinsa ba ya girma, saboda haka in nama ya cika shi sai ya tsage ta baya, daidai mahaɗar kai da jela, ya zare jikinsa ya fito. Ƙin abinci da ɓuyan da ka gani shirin hakan ne. Shekara huɗu ke nan ina kiwonsu a nan Aboabo da ke Kumasi, kuma ban manta ranar da na fara ɗago ɓawon da cokali ba: gashin baki, ƙafafu, har manyan hannayen nan masu kama da awartaki, komai cif, amma babu nauyi, haske na ratsa shi. Ƙanana sukan yi saɓa a kai a kai, manya kuwa sai jefi-jefi.

Bar masa ɓawon a ciki, cinye shi zai yi. Kafin saɓa yakan tara sinadarin kalsiyam a wasu 'yan fararen duwatsu biyu a cikinsa, da su da tsohon ɓawon yake ƙarfafa sabon. A kwana biyu zuwa ukun nan jikinsa laushi gare shi kamar ɓararren dafaffen ƙwai, ba shi da abin kare kansa. Kada ka taɓa shi, kada yaro ya tsokane shi da tsinke, kada ka juye ruwan. In akwai kifi a tare da shi, raba su yau ɗin nan, don za su iya yagar namansa. Ko ya warware ma ban ba ka shawarar haɗa su ba, da dare yake farauta, kifin da ya kwanta a ƙasa yakan zama abincinsa. Saka masa guntun bututun roba ko fasasshen kasko ya samu maɓoya. In ka ga hannu ɗaya ya ɓalle wajen saɓar, zai sake tsirowa a hankali.

Ruwa kuwa, na pampo yana da kulorin, sinadarin tace ruwa da ke cutar da shi. Tara ruwan a bokiti ya kwana ya wuni a buɗe, ko ka ɗiga maganin kashe kulorin da masu sayar da kifin ado ke da shi. Duk mako kwashe kashi ɗaya cikin huɗu ka zuba sabo. Guda ɗaya yana son tanki mai kamar lita 75. Ni nakan wanke ɓawon ƙwai, in tafasa, in daka, in zuba kaɗan saboda kalsiyam. Abinci kaɗan da magariba: ƙwayar abincin kifi mai nutsewa, dafaffen karas ko kabeji. Abin da ya bari kwashe shi da safe.

Abin da ya fi damuna in faɗa maka shi ne maganin sauro. Na farkon da na yi kiwo, maganin sauro ne ya kashe min shi. An fesa magani a ɗaki da daddare aka rufe ƙofa, injin iska na ta zuƙar iskar ɗakin yana turawa cikin ruwa. Da safe na same shi a kife, ƙafafu na karkarwa, kafin azahar ya mutu. Abin ya tsaya min a rai, don 'yata ce ke ba shi abinci kullum. Gubar da ke kashe sauro tana kashe shi ko da 'yar kaɗan ce, haka ma maganin kifi mai sinadarin tagulla. In dole a yi feshi, kashe injin, lulluɓe tankin da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗakin ya sha iska a buɗe.

Lokacin dumsor, wato in an ɗauke wuta injin iska ya tsaya, iskar ruwa takan ragu, sai ka ga yana neman hawa sama. Jingina masa dutse da zai taka ya kai fuskar ruwa. Amma murfi ya zauna daram, don gwanin hawa ne, ta tiyon iska yake bi ya fice.

Ranar da yaro ya gaji da shi, don Allah kada ka sake shi a kwata ko rafin Subin. Wannan jan asalinsa kudancin ƙasar Amurka ne, wajen jihar Luwiziyana. An zuba irinsa a tafkin Naivasha na Kenya a 1970, ya hayayyafa ya cinye tsirran ruwa. Yi min magana a nan, ina da tanki da babu kowa a ciki, zan zo in karɓa.