Garin kwakwa a kek ɗin Kirsimeti

'Yar uwa kin tambaya ko za ki iya cire fulawa ki sa garin kwakwa daidai awonta a kek ɗin Kirsimeti tunda maigida yana keto, wato tsarin cin abinci da ake guje wa suga da sitaci. A'a gaskiya, kar ki gwada kofi da kofi, garin kwakwa shan ruwa gare shi kamar soso. In girkin ya ce fulawa kofi 1, ki sa kwata ɗin kofi kawai, sannan ki ƙara ƙwai 2 ko 3 da bota, don ba shi da danƙon alkama, ƙwan ne zai riƙe shi.

In kin kwaɓa ki bar shi minti 5 ya tsotse, za ki ga ya yi kauri da kansa, kar ki yi saurin ƙara gari. Kuma don Allah ban da zuma da dabino da busasshen inibi, mutane na ganin ai na halitta ne amma cike suke da suga, ki nemi erythritol ko stevia, kayan zaƙi ne da ake sawa a madadin suga. Zafin oben kar ya wuce digiri 170 na Celsius, kuma sai ya huce sarai kafin ki yanka in ba haka ba marmashewa zai yi a hannunki.