Binciken David Page, me ya amfana wa maza marasa haihuwa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko aikin wannan baturen Amurka masanin ƙwayoyin halitta ya taimaki mazan da gwaji ya nuna ba ƙwayoyin haihuwa a maniyyinsu. Gaskiya ya taimaka sosai.

Tun 1976 Tiepolo da Zuffardi a Italiya suka lura wasu mazan marasa haihuwa wani yanki na kiromosom ɗin Y ɗinsu (ƙunshin ƙwayoyin gado da namiji ke gada daga uba) ya ɓace, sai a 1995 tawagar Page ta gano ƙwayar halittar da ake kira DAZ, mai alaƙa da samar da ƙwayoyin haihuwa, a wajen, a 2003 kuma suka fitar da jerin bayanan gadon da ke cikin Y ɗin. Yanzu da gwajin jini likita zai ga inda ya gutsure, in yankin da ake kira AZFc ne sau da yawa ana samo 'yan ƙwayoyi a maraina ta hanyar tiyata, a haɗa da ƙwan mace a yi dashe, amma ɗa namiji zai gaji matsalar, in kuwa yankin AZFa ne ya ɓace gaba ɗaya to tiyatar ma kusan ba amfani.

Abin da ke damuna, sai a ɗora wa mace laifi har a yi mata kishiya, maigida ko gwaji bai yi ba. Ganin maniyyi ba shaidar ƙwaya ba ce, maganin ƙarfin maza kuma ba ya gyara wannan. Ka maimaita gwajin maniyyi tukunna, sannan ka ga likitan mafitsara a asibitin koyarwa.