Amsa ga 'yar'uwar da gwajinta ya nuna R3500Q a APOB

Sannu 'yar'uwa. Kin ce LDL ɗinki, wato mugun kitsen jini (kolesterol), ya tsaya a 240 mg/dL duk da ba ki da jiki kuma kin daina soye-soye, gwajin gado ya nuna R3500Q, wani sauyi a ƙwayar gado (gene) ta APOB, kina tambayar me ya hana shi sauka. Irin takardar da ke hannuna ke nan, shi ya sa na kasa wucewa.

Makarɓan LDL da ke kan hantarki, wato masu cafke LDL daga jini, lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana jikin furotin apoB-100 da APOB ke samarwa, wanda ke naɗe kowace ƙwayar LDL kamar ɗamara, ɗaya tak a kowace ƙwaya, kuma shi hanta ke kamawa ta janye kitsen daga jini. A gurbi na 3500 na jerin tubalan da suka gina wannan furotin, tubalin glutamin ya maye gurbin arginin. Ba nan ne ainihin wurin kamun ba, wurin yana tsakanin 3359 da 3369, amma sauyin yana karkatar da naɗin har makarɓi ya kasa riƙewa sosai. Da yake kin gaji kwafin APOB ɗaya mai kyau, ɗaya mai sauyin, hantarki na ƙera apoB iri biyu. Masu kyau a kwashe su, masu naƙasa su yi ta yawo a jini suna taruwa a bangon jijiya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu cewa "ki rage man ja" kawai su sallame ki. Ko agararki ba za su taɓa ba su ji ko ta yi kauri, ba za su tambayi wa ya rasu da ciwon zuciya yana matashi a gidanku ba. Shekaru na tafiya, mutum na zargin kansa da kwaɗayi, alhali LDL da ya haura 190 ya isa a yi zargin gado. Wallahi abin da ciwo.

Amma magani na kama irin namu. Statin, maganin rage kitsen jini, na ƙara yawan makarɓa a hanta, su kuwa ragowar VLDL, ƙwayoyin kitsen da LDL ke samuwa daga gare su, da wani furotin mai suna apoE ake kama su, ba da apoB ba, sai a kwashe su tun kafin su rikiɗe su zama LDL. Atorvastatin mg 40 zuwa 80 ko rosuvastatin mg 20 zuwa 40 kan rage kusan rabin LDL. In bai isa ba likita ya ƙara ezetimibe mg 10, a sake awo bayan mako 4 zuwa 12. Ki sa a duba miki TSH (awon aikin thyroid, ƙullin da ke wuya) da ƙoda ma.

Af, kada ki rikita R3500Q da apoE2, wani sauyin gado daban mai tara kitse a jini. Wancan sai an gaji kwafi biyu, galibi kuma sai ƙiba ko ciwon suga sun haɗu, alamarsa rawaya-rawaya a layukan tafin hannu. Namu kwafi ɗaya ya isa, don haka kowane ɗa naki yiwuwarsa rabi da rabi ce. A auna yaran da 'yan ɗakinku duka. In kuma kina neman ciki, ki gaya wa likita kafin ki fara statin.