Hoto Mai Kama da Mafarki: Dole Sai da Kwamfuta?

Ka tambaya ko sai da kwamfuta ake samun hoto irin zanen Salbado Dali, mai zana abubuwan da sai a mafarki ake ganinsu. A'a, malam. A 1948 mai ɗaukar hoto Filif Halsman ya ɗauki hoton Dali yana tsalle, ga kyanwoyi uku da ruwa duk a iska. Sau 28 suka maimaita kafin ya samu wanda ya yi masa. Ni dai kyanwoyin nake tausayawa.

Fara da abin da kowa ya sani, kamar ƙofa ko kujera, ka kai shi inda ba muhallinsa ba. In za ka haɗa hotuna biyu, kula da inuwa sosai: haske ya fito daga ɓangare ɗaya, in ba haka ba ido zai gane haɗi ne nan take.