Lissafina ya ba ni 802, littafi kuma ya ce 890

Tambaya: Malam, barka da aiki. An ce mu lissafa zafin da iskar metan ke fitarwa idan ta ƙone. Na bi ta ƙarfin ɗaurin atam na samu −802 kJ (kilojul, ma'aunin makamashi) a kowane mol (ma'aunin yawan sinadari), amma jadawalin bayan littafi ya ce −890. A ina na kauce? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, ba ki kauce ba. Ruwa ne ya raba amsoshin nan biyu.

Ga ƙonuwar: CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O. Tsinka ɗauri cin makamashi yake, ƙulla sabo kuwa saki yake. Kin tsinka C–H huɗu, kowanne 413, da O=O biyu, kowanne 498, an ci 2,648. Kin ƙulla C=O biyu, kowanne 799, da O–H huɗu, kowanne 463, an saki 3,450. Ki debe na biyu daga na farko, −802 ke nan. Alamar debewar na nufin zafin fita ya yi.

Sai dai ƙarfin ɗauri ana auna shi ne idan komai yana matsayin iska, wato ruwan da ke lissafinki tururi ne. Masu jadawali kuwa sun bari tururin ya huce ya koma ruwa. Kowane mol na tururi idan ya koma ruwa yana sakin kusan 44 kJ, ke kuma mol biyu gare ki. Ki ɗora 88 a kan 802.

In kina son ganin ruwan nan da idonki, ki ɗora tukunyar ruwan sanyi a kan risho mai gas, ki duba gefenta: za ta yi gumi na ɗan lokaci kafin ta ɗau zafi. Daga harshen wutar ya fito.

Dokar Hess ta 1840 ma ga amsar littafin take kai mu, idan muka yi amfani da zafin da ake samu wajen haɗa kowane sinadari daga tushensa: −393.5 na CO₂, da −285.8 sau biyu na ruwa, a debe −74.8 na metan, ya ba da −890.3. Ni wannan hanyar na fi yarda da ita, don alƙaluman ɗauri matsakaita ne kawai. A wasu sinadaran za ki ga sun ɗan sha bamban da na gwaji.

Ranar jarrabawa, kafin ki taɓa kalkuleta, duba ƙaramin harafin da ke manne da H₂O. In g ne, wato tururi, 802. In l ne, wato ruwa, 890.